Ma'adinan Ƙarƙashin Gado

A Anka da Maru zinari ake haƙa. Mu a Tudun Wadan Gusau lu'ulu'u muke haƙa, a ƙarƙashin gado.

Ƙanwata ce ta sayo duwatsun ado masu ƙyalli da zaren roba. Wai awarwaro za ta yi da hannunta, na kasuwa ya yi tsada. Ta zura 30 cif. Saura ƙulli kawai. Zare ya tsinke, kowane dutse ya kama gabansa.

Baba ya taka ɗaya, ya yi salati. Kaza ta haɗiye biyu.

"Yaya, ɗaga mini katifar nan mana."

Yau kwana uku, mun tono 19. Kazar kuwa an hana a yanka ta. Ta zama kadara.