Yadda Ake Miƙa wa Alhaji Fayil ɗin Farashi Ba Tare da Jininka Ya Hau Ba

Ka gina wa Alhaji shafin intanet na shagon atamfarsa da ke Kantin Kwari. Ya biya ka cas, har da na goro. Kana haramar tafiya sai ya ce, "To Injiniya, idan kaya suka tashi fa? Ina son in riƙa canza farashi da kaina, ba kullum a yi ta nemanka a waya ba." Farashin kuwa, da sunan kowane turmi da launinsa, duk suna cikin wani fayil na JSON da ka tsara da hannunka. Ni ma an taɓa yi min wannan tambaya, na kuma bi duk hanyoyin da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, don haka a saurare ni da kyau.

In kana ganin barci ya yi maka yawa, tura masa fayil ɗin ta WhatsApp, ka ce ya gyara ya dawo maka da shi. Yaron shagonsa zai buɗe shi da Word, domin a wurinsa duk abin da ke da rubutu Word ne. Word kuma akwai son kwalliya: duk alamar zance da yaron ya buga, sai ya lanƙwasa ta don ta yi kyau a ido. JSON ba ya cin lanƙwasasshiyar alama, sai miƙaƙƙiya. Haka idan aka bar waƙafi ɗaya bayan kaya na ƙarshe a jeri, fayil ɗin gaba ɗaya ya tashi aiki, ko da sauran layuka dubu lafiyarsu ƙalau. Za ka so ka rubuta gargaɗi a ciki, ka ce Alhaji don Allah kada a taɓa nan, amma Douglas Crockford, Ba'amurken da ya yaɗa tsarin a farkon shekarun 2000, da gangan ya cire damar rubuta sharhi a cikinsa. Sai ka jira kiran ƙarfe sha ɗayan dare: "Injiniya, shafin nan naka ya yi fari fat." Ka lura da kalmar. Ranar da yake aiki "shafina" ne, ranar da ya lalace ya zama "naka".

Wani abokin sana'a zai ce ka koma YAML, wai ya fi daɗin karantawa. Gaskiya ne, ya fi. Sai dai shi ma'anarsa tana cikin tazarar da aka bari a farkon layi, abin da ido ba ya gani, Alhaji kuma da babban yatsa yake rubutu a waya. A tsohon tsarinsa ma, idan ka rubuta NO, wato taƙaitaccen sunan ƙasar Nowe, sai ya fassara shi da "a'a". Abin da ya ci ƙasa guda, shadda da leshi ba za su gagare shi ba.

Daga nan hankali zai kai ka ga CSV, ka ce ai Excel na buɗe shi, kowa kuma ya san Excel. A nan ne wasan zai yi daɗi, domin Excel irin yaron gidan nan ne mai rawar kai, wanda za ka aika sayen gishiri ya dawo da sukari saboda a ganinsa shi ya fi dacewa da kai.

Ga lambobin wayar dillalan Alhaji, kowacce ta fara da sifili. Excel zai dube su ya ce sifili a gaba ba shi da amfani, ya share. Lambar asusun banki mai lamba goma da ta fara da sifili ta koma tara. Ka ce bari in yi dabara in fara da 234, sai lambar ta kai goma sha uku, shi kuma ya mayar da ita wani abu kamar 2.34803E+12. Idan yaron ya adana fayil ɗin a haka, sauran lambobin sun tafi ke nan, sai dai a sake tambayar mai wayar, idan an san yadda za a kira shi. Rabin yadi da aka rubuta 1/2 zai wayi gari ya zama kwanan wata, ko biyu ga Janairu ko ɗaya ga Fabrairu, ya danganta da ƙasar da kwamfutar take zaton tana ciki.

Akwai kuma wanda ya shafe mu mu kaɗai. Rubuta 'Yankaba a cikin akwatin Excel, ko 'Yan Lemo, ko 'yar Gwarzo. Wannan 'yar alamar da ke gaba, Excel yana ɗaukar ta umarni ne cewa abin da ke biye rubutu ne ba lamba ba, sai ya haɗiye ta ya bar maka Yankaba. Haruffanmu masu ƙugiya kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, idan aka adana ba da tsarin UTF-8 ba, sai su koma alamar tambaya. Abokin ciniki ya shiga shafi ya ga "ba?in leshi", kamar shagon ne ke tambayarsa launin. In kuma Alhaji na da wakili a Maraɗi, wanda kwamfutarsa ke jin Faransanci, ka shirya: tasa ba ta raba bayanai da waƙafi, da waƙafi mai ruwa take rabawa, don a can waƙafi shi ke tsakanin cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Fayil ɗaya zai je Maraɗi ya dawo da wata kama.

Kada ka ji kunya, manya ma sun sha kashi a nan. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya gaji da yadda Excel ke mayar da MARCH1 ɗaya ga Maris da SEPT1 ɗaya ga Satumba, ya canza musu suna zuwa MARCHF1 da SEPTIN1. Masana kimiyyar duniya suka ga canza sunan ya fi sauƙi a kan canza halin manhajar. A watan Oktoba na shekarar, hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga lissafi ba, saboda an zuba bayanan a tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar sama da layi 65,536. Microsoft ta ƙara wurin kashe karambanin sauya rubutu a 2023, amma Excel ɗin da ke kwamfutar shagon Alhaji na 2010 ne, kuma babu ranar rabuwa.

Duk wannan laifin na'ura ne. Ba a zo kan yaron shago ba, wanda a gurbin farashi zai rubuta "25k", a na ƙasa "ya ƙare", a na ƙasansa "a kira Alhaji". Ni ban ga laifinsa ba. Haka yake rubutawa a littafin shago shekara da shekaru, kuma ba a taɓa yin asara ba. Kai ne ka ba shi fili fetal ka ce ya rubuta, alhali abin da ke bayan fage lamba zalla yake jira.

To idan ka gaji da wasa, ɓoye fayil ɗin. Kada Alhaji ya ƙara ganin baka biyu ko alamar zance har abada. Buɗe masa jadawali a Google Sheets, ka kulle layin sama da duk gurbin da bai kamata a taɓa ba. Gurbin farashi ka sa ya ƙi karɓar komai sai lamba. Gurbin launi ka sa zaɓi ne ake yi daga jeri, don kada ka tashi da "ja", "jaa", "jan" da "kalar tumatir" a matsayin launuka huɗu. Gurbin lambar waya ka ce rubutu ne, sifili ya zauna lafiya. Ka ƙara gurbi guda na "akwai" ko "ya ƙare", wani kuma na bayani, inda yaron zai zuba "a kira Alhaji" son ransa. Sannan ka rubuta 'yar manhajar da za ta ɗebo jadawalin, ta auna shi da ƙa'idojin da ka gindaya, ta mayar da shi JSON da kanta. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke amfani da KoboToolbox sun daɗe a kan irin wannan: a jadawali suke tsara tambayoyinsu, na'ura ta juya su zuwa fom.

Abu biyu kada ka yi musu rowar lokaci. Idan aka sami kuskure, shafin ya ci gaba da nuna farashin jiya, kada ya yi fari. Saƙon kuskuren kuma ya fito da harshen mutane. Maimakon dogon Turancin da ke cewa an ga baƙuwar alama a matsayi na 4,312, a rubuta: "Ranka ya daɗe, farashin layi na 14 ba lamba ba ne." Wannan jimla ɗaya ta rage min kiran dare fiye da duk wata fasaha da na koya.

Na yi wa nawa Alhajin duk wannan. Na zauna a shago tsakanin Azahar da La'asar ina nuna masa, ya canza farashin turmi uku da hannunsa, ya ga sun fito a waya nan take, ya yi ta sa min albarka, ya sa aka kawo min fura. Bayan mako biyu dala ta motsa. Da asuba sai ga saƙo: hoton shafin littafin shago, an ɗauka a karkace, da muryarsa a ƙasa, "Injiniya, ga sabon farashi nan, ka sa mana a abin nan naka." Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Babban yatsansa ya rufe lambar ƙarshe ta layi shida.