Fitila Ta Kama, Mun Ce Haka Take

Mu mutanen Herwagana ba a fin mu jin ciwon ɗan'uwa. Maƙwabci ya yi tari sau biyu a sahun Asuba, kafin hantsi an kai masa citta da kanumfari, Goggo ta aiko da jiƙo, wani ya kawo zuma, wani kuma ya rantse sai ya raka shi Asibitin Koyarwa na Tarayya an duba ƙirjinsa. Amma motar nan tamu, wadda ke kai mu kasuwa, ta kai yara makaranta, ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare, ranar da ta kunna 'yar fitila a dashbod tana nuna inda ke mata ciwo, sai mu kau da kai mu ce, "Haka take."

Kuma dukanmu muna yi, kada wani ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar ba da shi ake ba. Malamin makaranta yana yi, ɗan kasuwa yana yi, Hajiya mai Corolla tana yi, direban Sharon da ke lodin Bauchi shi ne ma limaminmu. Ka ɗauko baƙo daga Tashar Dukku, ya leƙa gabanka ya ce, "Alhaji, wannan fitilar mai ruwan ɗorawa fa?" Sai ka ce, "Rabu da ita, tun daga Kwatano take a kunne, tsegumi ne da ita." In baƙon ya cika tambaya, gobe sai ka nemi katin ɗaurin aure ka jingina daidai wurin. Wani hoton autansa yake sakawa, wani katin ɗan takara, wani ya yanko baƙin salatif ya manne ta tsaf. Gwanayen cikinmu kuwa gareji suke zuwa a kwance dashbod a cire ƙwan gaba ɗaya, su biya kuɗin aiki, su yi godiya, su dawo gida suna cewa an gyara. Alhali fitilar 'yar aike ce kawai, mun toshe mata baki, saƙon da ta kawo yana nan cikin inji yana girma.

Abin ban sha'awa shi ne ba rowa ce ke hana mu ba. Mutumin da ya ƙi biyan kuɗin a sa motarsa a kwamfuta, shi ne ya sa mata baƙin gilashi, ya ɗinka wa kujeru riga, ya rataya turare, ya sayo sifika mai girgiza but. Ranar Juma'a sai an wanke ta an goge taya da mai tana walƙiya kafin a tafi masallaci. Jikin mota muke wa ado, hanjinta kuwa sai ranar da ta tsaya cak a tsakiyar lungu, mai Keke Napep a baya yana danna hon, mai kurar ruwa a gaba ya rasa hanya.

To a ranar ne za ka san unguwarmu cike take da injiniyoyi. Da ka ɗaga bonet, majalisa ta tashi ta dawo kanka. Mai shayi ya ce batir ne. Tela ya ce ai daga jin ƙarar nan fulogi ne. Baffa ya ce mai ne ya yi ƙasa, a jijjiga ta. Wani ya ɗauko dutse ya ƙwanƙwasa kan batir, wani ya aiki yaro ya sayo Coke a zuba, wani ya shige ƙasa da sifana yana bugun kikistata yana cewa, "Ba ta wuta! Sake ba ta!" Sai matasa su naɗe hannun riga su ce a tura, ka ce musu ai otomatik ce, su ce, "Hamma, a gwada dai, Allah ne mai tayarwa." A tura ta har bakin titi, kowa ya yi gumi, ita tana nan yadda take. Ba wanda zai tafi kuma sai an ga ƙarshen abin, don a wurinmu barin ɗan'uwa da matacciyar mota abin kunya ne. Wannan hali namu mai kyau ne, Allah ya bar mu da shi. Ilimin ne ya kamata mu ƙara a kai.

Dattawanmu suna da hujjarsu, kuma hujja ce ta gaske. Sun tuƙa Fijo 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Mota ce da direba zai kwance kafireto a gindin bishiya a hanyar Dukku, ya hura da baki, ya goge da gefen riga, ya mayar, ya kama hanyar Darazo. Da kunne ake gane ciwonta, da sifana biyu ake warkar da ita. Shi ya sa in ka yi wa Baba maganar kwamfuta sai ya ce, "Yaro, tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela ke da farinta." Gaskiyarsa, a kan 504. Amma Camry da Accord da Corolla da suka cika lungunanmu yanzu wata halitta ce daban. Kowace tana da ƙwaƙwalwa, wadda kanikawa ke kira burenbos, tana karɓar rahoto daga sensa-sensa: nawa ne iskar da ta shiga, yaya zafin ruwa, wane irin hayaƙi ke fita ta salansa. Da wannan lissafin take auna man da za ta fesa. A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga Bauchi, wato 1996, a shekarar ce Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tsarin OBD-II, wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura mota ta faɗi damuwarta da lamba. Turai ta bi sahu a kan motocin fetur a 2001. Ke nan motar da ke ƙofar gidanka tana iya magana tun jiharmu tana jaririya, mu ne ba mu tambaye ta ba.

Sai mu zo gareji, inda muke ɗora wa kanikawa duk laifin duniya. A majalisa mu ce masu wayarin sun iya gyaran gangar auzinawa, ka kai mota da ciwo ɗaya ka dawo da uku. Amma wa ke cewa, "Oga, yi mini dabara kawai, tafiya ce da ni Kaltungo"? Mu ne. Fiyus ya ƙone, maimakon a nemo abin da ya ƙona shi, sai mu yarda a naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a mayar. Fiyus kuwa an yi shi ne ya mutu a madadin waya, shi ya sa kowanne da lambarsa da launinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. In ka sa wanda ba ya ƙonewa, wayar ce za ta ƙone, wani lokaci har da motar. Ana son a san ko altaneta na caji, sai a zare kan batir inji yana aiki, in bai mutu ba a ce lafiya lau. A kan tsohuwar Fijo an sha da wannan, a kan motar zamani wutar na iya tsalle ta soya burenbos. Alhali 'yar mita ta isa: batir mai lafiya in mota na kashe yana nuna wajen volt 12.6, in inji ya tashi ya hau tsakanin 13.5 da 14.5.

Akwai kuma al'adar da muka mayar kamar sunan jariri, sai an yi wa kowace mota da ta sauka: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai motar ƙasar sanyi ce ba ta san zafin Gombe ba. Inji kuwa an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. In aka hana shi kaiwa can, ƙwaƙwalwar sai ta ɗauka har yanzu safiya ce bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa mai. Mu da tun 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi muke sayen fetur da lissafin cokali, muna kashe inji a gangaren Tumfure don tsimi, mu ne kuma muka sa motar tana shan mai ba dalili. Haka tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa suka raɗa wa indomi. A ce maka ita ke shaƙe mota, a fasa a kwashe, kai ka tafi da fanko, abin da aka kwashe kuwa yana da masu saye da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa. Bayan kwana biyu fitila ta kama, a sa a kwamfuta ta nuna P0420, mu riƙe baki muna mamaki. Ruwa ba ya tsami banza.

Garin namu ma yana ba da tasa gudummawar. Ƙurar hunturu ta toshe iyakilina ta dame sensar iska. Zafin Maris da Afrilu ya dafa batir, shi ya sa ba ya daɗewa a hannunmu. Damina ta zo, Gombe kuwa a kwari take, ruwa ya gangaro daga tudu ya cika titi da yashi, mu kuma mu kutsa ciki muna cewa mai babur ma ya wuce, ruwa ya shiga soket-soket, bayan sati fitilu su kama yi mana walƙiya. Mu ajiye buhun gyaɗa ko masarar Dadin Kowa a but mu manta, ɓeraye su tare, in sun ƙoshi su koma cin waya. Mu kai wanki mu ce wa yaron, "Har inji, a fesa da ƙarfi ya yi fes," washegari mota tana rawar sanyi. Ga man bumburutu da muke saya a galan da daddare, ba mu san abin da aka gauraya ba. Wanda ya ga abin da gurɓataccen man nan mai sinadarin metanol ya yi wa motoci a ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san ba kowane ruwa mai warin fetur ne abincin inji ba.

Alhali karatun fitilun nan bai kai haddar lambar waya wuya ba. Launi uku ne. Kore da shuɗi labari suke ba ka, sigina na aiki, babbar fitila na kunne. Ruwan ɗorawa yana cewa akwai matsala, ka nemi mai dubawa cikin kwanakin nan. Ja kuwa ka nemi gefen hanya yanzu. In 'yar butar baƙin mai ta kama ja kana tafe, kashe inji nan take, don mai ba ya zagayawa, 'yan mintuna sun isa inji ya yi nokin. In alamar zafi ta hau, tsaya ka bari ya huce, kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa. In hoton batir ya kama kana tafiya, yawanci altaneta ce ko bel, kana cin ragowar caji ne, kashe esi da rediyo ka nufi gari, kada dare ya same ka tsakanin Gombe da Alƙaleri. Jar alamar birki, duba birkin hannu, in a sauke yake duba man birki kafin ka ƙara taku. Fitilar cek ta inji in ta tsaya cak, wani lokaci murfin tanki ne kawai bai ɗauru ba. In tana ƙiftawa, wani silinda ne ba ya ƙona mai, rage gudu ka tafi gareji. Ta ABS da ta jakar iska kuwa, waɗanda muka fi rainawa don mota na tafiya lafiya da su a kunne, ranar hatsari ake neman aikinsu, ranar kuma ba a yin gyara.

Alhamdu lillahi yanzu yaranmu sun fara riƙe na'urar, har da 'yar ƙarama da ake haɗawa da wayar hannu. Sai dai nan ma mun shigo da halinmu. Mu ce, "Ɗan'uwa, goge mini ita kawai." Ya danna, fitila ta mutu, mu biya, mu tafi muna murna, kafin mu kai Kumo ta dawo. Wasu ko na'urar ba sa nema, kan batir suke cirewa minti biyar su mayar. Lambar da kwamfuta ta nuna kuwa bakin zare ne, sai an bi shi. In ta ambaci sensa, tana iya yiwuwa sensar ce, tana iya yiwuwa waya ce ɓera ya ci ko soket ya yi tsatsa. Bakanike na ƙwarai sai ya auna kafin ya ce a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo kaya. Irin wannan in ka same shi, ka riƙe shi, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da "Oga, a duba zumunci" ba, don araha ba ta ado.

Mai shirin sayen mota kuma, ga guzuri. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka zuba ido. Dole fitilun su kama gaba ɗaya, cek da ABS da jakar iska da baƙin mai, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ɗan'uwanmu ne ya riga ka zuwa wurinta da salatif ko sukundireba. Ka tafi da mai na'urarka, ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Don haka jama'ar Herwagana, da na Bolari da Jekadafari da Pantami da ke dariya suna cewa ba su ba ne, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Yau in an idar da La'asar, kowa ya je ya ɗage katin nan daga dashbod, ya ɓare salatif, ya ga abin da ke ƙasa. In ja ce, kada motar ta kwana biyu ba a duba ta ba. In ruwan ɗorawa ce, a sa ta a kwamfuta cikin satin nan, a nemo tushen ciwon a gyara. Iyalinmu ne ke zama a kujerun nan, kuma titin ba namu ne mu kaɗai ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu sauka lafiya.