Ba a Taɓa Kayar da Su Ba, Tsautsayi Ne Kawai

Kafin a kai naushi ɗaya a damben boksin, sai an shafe watanni ana kai na fatar baki. Mu da ke hana idonmu barci har asuba saboda damben Las Vegas, babu irin halin da ba mu sha ba.

Akwai Mai Baki, jikan Muhammad Ali. Shi Ali yakan faɗi turmin da zai kayar da mutum, kuma sau da dama ya cika. Jikokin nasa bakin kawai suka gada. Akwai Mai Harara, almajirin Sonny Liston, wanda zai kafe abokin karawarsa da ido a wajen awon nauyi har sai an shiga tsakani. Akwai Ɗan Ƙarya irin Floyd Mayweather, da ba ya ganin kyamara sai ya baje damman daloli. Amma wanda ya yi dambe 50 bai faɗi ko ɗaya ba, sai a bar shi da halinsa. Sai Mai Ban-kwana: Tyson Fury ya ce ya ajiye safar hannu a Afrilun 2022, kafin Disamba ya fita ya sake sanya ta.

Gwanina dai shi ne Mai Uzuri. Wannan bawan Allah ba a taɓa fin ƙarfinsa ba. Za ka gan shi ido a kumbure, leɓe kamar an soya ƙosai, amma da an miƙa masa makirufo sai ya fara da "ba wai uzuri nake kawowa ba", daga nan ka gyara zama. A 2011 David Haye ya cika duniya da alwashin abin da zai yi wa Wladimir Klitschko, ya je Hamburg ya yi turmi 12 yana zille-zille. Da aka tashi sai ya cire takalmi ya nuna wa duniya ɗan ƙaramin yatsan ƙafarsa, wai shi ne ya karye. Ƙato, ɗan ajin masu nauyi, yana tallan ɗan yatsa a gaban 'yan jarida! Manny Pacquiao ya ɗora wa kafaɗarsa laifin kayen da ya sha a 2015. Hatta George Foreman, da duk dattakunsa, ya daɗe yana cewa igiyoyin fagen Kinshasa, inda ya sha kaye a 1974, sun yi sako-sako, kuma ruwan da aka ba shi ya sha yana da ɗanɗanon magani.

Sarkinsu kuwa Deontay Wilder ne. Da Fury ya yi masa lilis a Fabrairun 2020, sai ya ce kayan adon da ya shigo da su ne, masu nauyin kilo kusan 18, suka kashe masa ƙafafu. Wa ya aike shi ya sa? Da wannan ba ta karɓu ba ya koma kan safar hannun Fury, wai an yi mata coge. Daga nan ya ce an zuba masa wani abu a ruwa, ya kuma sallami Mark Breland, mai horar da shi da ya jefa tawul a turmi na bakwai don ya cece shi. Wasunmu da suka rantse a majalisa cewa Fury ba zai kai turmi na uku ba, har yau suna ganin a sake duba maganar kayan adon nan.

Duk waɗannan ina yafe musu, nishaɗi suke ba mu. Wanda ke ɓata min rai shi ne mai sayar da tikiti da maganar gawa. Wilder ɗin nan ya fito fili a 2018 ya ce yana son a rubuta masa a tarihi cewa ya kashe mutum a fage, ya kuma maimaita kafin karawarsa da Dominic Breazeale a Mayun 2019. A Oktoban shekarar, a wata karawa ta daban, aka fitar da ɗan dambe Patrick Day daga fage a Chicago ranga-ranga. Ya yi kwana huɗu a asibiti bai farfaɗo ba, ya rasu yana da shekara 27.