Wannan Karon Ba NEPA Ba Ce, Yallaɓai

Na san halinku. Da an ce wani yaro a Apo ya haɗa akwatin sarrafa kiɗa da hannunsa, ya jera masa maɓallai da fitilu, ya jona da kwamfuta yana buga ganga da kalangu, sai ku taɓe baki: "A Apo? Wajen kanikawa?" Ranar da akwatin ya fara ɗaukewa yana dawowa a tsakiyar waƙa kuwa, sai ku gyara zama ku yanke hukunci: NEPA ce. Baiwar Allah NEPA! An sauya mata suna zuwa PHCN tun 2005, AEDC ta karɓi rabon wutar Abuja a 2013, amma har gobe ita ake kaiwa ƙara.

To Alhaji, juya cajar wayarka ka karanta bayanta. An rubuta tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240. Wutar gidanmu 230 ce, ko ta yi ƙasa kaɗan caja ta gari ba ta damu ba. Ɓarawon yana tsakanin caja da akwati.

Yawancin irin waɗannan akwatuna allon Arduino ne a cikinsu, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005. Abincinsa volt 5, kuma kafar USB ta gargajiya milliamp 500 kawai take bayarwa. Yaro kuma, da yake yana son abinsa ya yi ƙyalli kamar motar amarya, sai ya jera fitilu 30, kowace tana shan milliamp 20. Ku da kuka yi boko, ku lissafa mana: 600 ke nan, ba a ma sa kuɗin allon ba. Fitilu na kamawa gaba ɗaya, wuta ta faɗi, allo ya suma ya farfaɗo. Siririyar wayar USB ta bakin titi ma tana cinye nata kason tun a hanya.

Ina jin abokin wasana Bazazzagi daga baya yana cewa, "Ai shi ke nan, a jona masa batirin mota, ga su nan birjik a Apo." Sannu injiniya! Batirin volt 12 ne. Ƙaramin abin rage wuta da ke jikin allon ba ya ajiye rarar volt 7 ɗin nan, zafi yake mayar da ita. In ana jan rabin amp, watt 3.5 ke nan a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba. Zai yi zafi ya kashe kansa, ya huce, ya dawo, kai kuma ka tafi neman mai ruƙiyya. In dole sai batiri, a sa masa irin LM2596 mai sauke wutar ba tare da ƙuna ba.

Sai gurnanin nan da lasifika take yi. Zare cajar kwamfutar daga soket. Ya yi shiru? To, wuta ce ta samu hanyar kewayawa ta wayar ƙasa. Waɗanda suka fito da tsarin MIDI, wanda kayan kiɗa ke aika wa juna saƙo da shi, a 1983, su Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland da Dave Smith, sun hango wannan, shi ya sa a tsohuwar kafa mai fil 5 da haske ake miƙa saƙo a bakin shiga. USB ba ta da wannan katangar.

Abin murɗawa na jikin akwatin da yake rawa shi kaɗai kuma, lambarsa na tsalle tsakanin 63 da 64 ba wanda ya taɓa shi, sau da yawa kafasita 'yar nanofarad 100 tsakanin ƙafarsa ta tsakiya da wayar ƙasa take kwantar masa da hankali.

Har yanzu ba ku yarda ba? Ku shiga wajen kanikawan Apo ku ari mita a hannun mai gyaran wayarin mota, ku ɗora ta a kan volt 5 yayin da fitilu ke kamawa. In lamba ba ta motsa ba, shayinku a wuyana. Bazazzagi dai ya taho da burodinsa.