Ta Wace Ƙofa Ake Shiga Magana Jari Ce?

Duk mai furfurar da ka tsayar a ƙasar Ruma, daga Batsari har Safana, ka tambaye shi ko ya karanta Magana Jari Ce, zai dube ka sheƙeƙe, ya ce tun kana zanin goyo ya sauke ta. Ka ce to, Baba, mene ne sunan mahaifin Musa? Nan take zai tuna bai yi la'asar ba. Kuma ba ƙarya ya yi maka ba. Ya karanta, amma ta inda Allah ya hore masa. Wani ta littafi na biyu ya shiga, wani ta tsakiyar na uku, wani kuwa labari ɗaya tak malamin Hausa ya karanta musu a aji biyar, shi ne yake ta juyawa a majalisa har ya aurar da 'ya'ya.

To ga shi yanzu samari sun fara tambaya. Littafi uku ne, labaran da ke ciki sun haura tamanin, ga aljanu, ga sarakuna, ga wawaye, ga tsuntsu mai bakin tsiya. Ta ina mutum zai kama? Kada mai wannan tambaya ya ji kunya, don na wasu ya fi namu. A Ingila an yi wani marubuci, Terry Pratchett, wanda ya ƙago duniya shimfiɗaɗɗiya bisa bayan giwaye huɗu, giwayen kuma a tsaye bisa wani ƙaton kunkuru. Littafi 41 ya rubuta a kanta, daga 1983 zuwa 2015, kuma masu karanta shi har taswira suke zanawa ta inda ya kamata baƙo ya fara. Mu Alhaji Abubakar Imam ya tausaya mana, ya tsaya a uku. Duk da haka mun kasa daidaitawa.

Kafin a kai ga gardama, sai ka sami littafin tukuna, kuma nan ne aikin yake. Ka ɗauka ka ji labari akwai shi wajen wani tsohon hedimasta a unguwarku. Kada ka je da rana tsaka ka ce a ba ka. Ka bari sai bayan la'asar, ka durƙusa, ka gaishe shi, ka tambayi gona, ka tambayi ƙafa, sannan ka ce, "Baba, na ce ko Magana Jari Cen nan tana kusa?" Zai ce, "Wa ya ce maka ina da ita?" Kada ka faɗi sunan kowa. Zai ba ka tarihin mutum uku da suka ara ba su mayar ba, biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya amma bai yafe ba. Ka yi ta cewa "Allah ya kyauta." In ka yi sa'a, sai ya shiga ɗaka ya buɗe akwatin ƙarfe.

Abin da zai fito da shi ba shi da bango. An yi masa riga da takardar buhun siminti, an ɗinke gindinsa da zaren lilo, ga sunayen mutum huɗu a ciki kowa ya soke na wanda ya gabace shi. Akwai tabon man ƙuli a gefe, gara kuma ta ci kusurwar ƙasa, ta yadda kowane shafi kalmarsa ta ƙarshe sai dai ka cika da kanka. Shafin farko da ya rage shi ne na sha bakwai. Ka ga ke nan an riga an yanke maka inda za ka fara, gara ce ta yanke. Da yawa daga cikin masu ra'ayi mai zafi kan wannan magana, in ka bincika, ra'ayin gara suke karewa.

Akwai masu cewa a wayar hannu ma ana samu, me zai sa ka durƙusa wa kowa? Haka ne. Sai dai mutumin Batsari da Safana ba ya bukatar a tuna masa watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Takarda ba ruwanta da sabis, ba ta kuma neman caji. In kana da hali, ka ba mai motar Katsina saƙo, ko ka sa ɗalibin da ke karatu a Dutsin-Ma ya duba maka bugun kamfanin NNPC na Zariya. Kuɗin bai kai abin da kake ƙonawa a data ba.

Yanzu ga littafi a hannu, sai malaman hanya. Rukuni na farko su ne 'yan littafi na biyu. Hujjarsu ita ce, a nan ne Waziri Aku ya kara da wani akun mai suna Haziƙ, kowa na jefo labari don ya kayar da ɗan'uwansa, saboda haka ba a ɓata lokaci, daga wannan sai wannan. Suna da gaskiya ta wani fanni. Amma ka tambaye su, ta yaya tsuntsu ya zama waziri? Sai su ce ai haka aka same shi. Mutum ya ga aku da rawani bai tambayi dalili ba, wannan ko a zaɓe ba a so ya yi layi.

Rukuni na biyu 'yan na uku ne, kuma yawancinsu malaman makaranta ne, ko masu shirin zama. A littafi na uku Aku ya manyanta, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake sarrafa harshe da zama da sarakuna. Littafi ne mai daɗi, amma akwai gyaran murya a ciki, akwai ja kunne. Wanda ya fara da shi zai zaci Aku wani dattijo ne mai nasiha tun fil azal, bai san irin wayon da ya tafka yana da ƙuruciya ba. Ka ajiye shi sai ka fara aike yara.

Sai rukuni na uku, waɗanda suka fi kowa iya baki, kuma hujjarsu ta gida ce. Suna cewa, wa ya taɓa fara labarin Ɗanwaire daga ranar suna? A Ruma in za a ba da labarin jaruntakarsa, ta inda mai magana ya ga dama yake kamawa, yau wannan karo, gobe wancan, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba. Don haka ka buɗe ko'ina, in ka faɗa kan Kalala da Kalalatu ka sha dariyar kajin da suka ɓace tsakanin murhu da akushi, in ka faɗa kan Sahoro da Sahorama ka gode wa Allah da ya yi ka da sauran hankali. Na yarda wannan hujja tana da nauyi. Amsata ita ce, Ɗanwaire an haife ka ka tarar ana maganarsa, ka san ko wane ne shi kafin a buɗe baki. Aku kuwa baƙo ne, sai an gabatar maka da shi.

Shi ya sa ni ina tare da littafi na ɗaya, daga shafi na ɗaya, in gara ta bari. Dalilina ba bin tsari ba ne kawai. Labaran da ke cikinsa kowanne da aikin da yake yi. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, jikansa Mahmudu yana can tare da shi, an bar ɗansa Musa a gida, ga mugun waziri yana jira yaron ya leƙo waje a gama da shi. Kowane dare Musa ya yi ɗamara zai bi sawun Mahmudu, sai ya biya ya sallami Aku. Aku kuwa ya san ba a ce wa ɗan sarki "kada ka je." Sai ya ce a sauka lafiya, amma wannan abu ya tuna masa da wani labari. Kafin labari ya ƙare gari ya waye. Wato duk dariyar da kake yi, ran yaro ake ja da ita zuwa asuba. Wanda ya tsallake wannan ya ci miya ya bar tuwo, ya kuma tashi yana cewa abincin gidan ba ya riƙe ciki.

A nan ne zan ja kunnenka kan wata ɗabi'a. Akwai masu karatu da in sun ga Musa ya shigo da sulke, sai su yi tsalle su wuce zuwa inda labari ya fara. Kada ka bi su. 'Yan layukan nan na tsakani, inda Aku ke lallashi yana fadanci yana sakin magana mai harshen damo, nan ne gwanintar Imam ta fi fitowa.

Akwai kuma wata ƙofar baya, wadda ba na hana kowa bi. In kai mai gajen haƙuri ne, littafi uku sun yi maka kwarjini, fara da Ruwan Bagaja. Siriri ne, kana iya gama shi tsakanin azahar da magariba. Imam ya rubuta shi ne yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Lokacin shekarunsa 22 kacal, tunda a 1911 aka haife shi a Kagara, kuma ƙuruciyar ta nuna: Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna bin juna gari gari, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami. In ka kai inda jahili ya kayar da malami a gaban jama'a da zane ɗaya a ƙasa, ba ka yi dariya ba, to ka mayar da littafin, ka koma sauraron labaran duniya. East da ya ga wannan hannu, shi ya nemi a ba shi aron Imam zuwa Zariya a 1936, inda ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, aka fara buga ta a 1937. Ko shekara biyu ba a yi ba ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, a Janairun 1939.

Da ka fara karatu, za ka gamu da mutum biyu, gara ka shirya musu. Na farko shi ne mai cewa, "Ai duk kwashe-kwashe ne, na Larabawa ne da Turawa." Kada ka yi musu da shi, don Imam bai ɓoye ba. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus, labarin Sarkin Busa ma asalinsa wani mai sarewa ne na garin Hamelin, shi kansa akun mai hana fita da dare daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa ya taso. Ka ce masa haka ne, sannan ka roƙe shi ya nuna maka inda ɗinkin yake. Kalalatu dai ba wanda zai ce ba a bayan gidansu take ba. Na biyu shi ne mai cewa ya gani a talabijin, zamanin da su marigayi Ƙasimu Yero suka yi wasan. Wannan ka girmama shi, ya ga abu mai kyau, amma kada ka bari ya ba ka ƙarshen labari.

Game da yawan abin da za ka sha a rana: labari ɗaya a dare, yadda Aku ya yi wa Musa. Kada ka zauna ka kwashe goma a zama ɗaya, washegari ka rasa wa ya auri wa. Kuma da ƙarfi ake karantawa. Ka bari a yi isha'i, a ci tuwo, ka sami tabarma da 'yar fitila mai caji, ka tara ƙannenka. Cikin dare uku za ka ga inna ta matso da kujerarta bakin ƙofa tana cewa ita iska take sha. Ranar Alhamis kaɗai aka ɗauke maka, don wanda ya wuni a kasuwar Batsari yana ciniki kan buhun dankali, ko Aku da kansa ya zo ba zai hana shi barci ba. Da damina ma kada ka fara, lokacin noma ba a san ɗan sarki ba. Ka bari a kai amfanin gona gida, sanyi ya fara saukowa.

In ka sauke ukun, ga Ganɗoki yana jira da yaƙe-yaƙensa har ƙasar aljanu, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Amma kafin ka taɓa ko ɗaya, don Allah ɗan'uwa, ka nannaɗe littafin Baba a leda ka kai masa har gida, ka haɗa da goro. Akwai yara a bayanka da za su je aro, kuma sunanka za a fara karanta musu.