Ranar Da Aka Zo Yi Mini Jajen Keke

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya buɗe baki ya ce tallafin mai ya tafi, tsohuwar motata ta shiga takaba a ƙofar gidanmu da ke Narayi a Kaduna. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mu gama salati, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta tsallake dubu. Na daure na yi wata da watanni ina zuba mata rabin albashi, tana sha tana kallona, har ranar da na zare makulli na ce mata kowa ya yi ta kansa. Wata kazar maƙwabta ta ga wuri ya samu, ta tare a ƙarƙashinta.

Sai na yi abin da a lissafina kowane mai hankali zai yi, na sayo keke. Na gwanjo ne, amma da sauran ƙarfinsa: sarƙa lafiya, burki yana kamawa, ga kariya a baya, ga ƙararrawa mai zaƙin murya. Na turo shi cikin gida ina jin kaina kamar wanda ya gano maganin talauci.

Uwargida tana tankaɗe ta ɗago kai. "Maigida, wa ya ba ka ajiya?"

"Nawa ne."

"Na yaran dai?"

"Nawa. Da shi zan riƙa zuwa aiki."

Ta ajiye rariya, ta yi shiru irin wanda mata ke yi in an ce za a yi musu kishiya. Can ta ce, "To don Allah alfarma ɗaya. In za ka fita, ka fita tun da duhu, kuma ka bi ta bayan layi. Ina da adashi a unguwar nan."

Ban bi ta bayan layi ba, kuma kafin azahar labari ya gama Narayi, ya gangara Bayan Dutse, ya leƙa High Cost. Da yamma aka fara sallama. Maƙwabcina na dama ya zo ya zauna, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Sai haƙuri. Allah ya mayar da alheri." Maƙwabciyata ta hagu ta ce ta riga ta sa sunana a addu'ar matan zumunta ta ranar Laraba. Surukata ta bugo waya daga ƙauye tana tambaya ko gaskiya ne an sallame ni daga aiki, in haka ne a turo mata jikokinta kafin yunwa ta taɓa su. Mai shagon bakin layi, wanda shekara da shekaru nake karɓar sukari da madara a wurinsa sai ƙarshen wata, ya rufe littafin bashi a kan idona ya ce, "Oga, ka san yadda kasuwa take yanzu." Wani abokina kuwa da na tsaya yi masa bayanin lafiyar jiki da tsabtar iska, ya dafa kafaɗata a hankali ya tuna mini cewa asibitin masu taɓin hankali na Barnawa ba shi da nisa, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya je a duba shi.

Ko sunan ma an ƙwace mana. Tun da gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, mai ƙafa uku, wato Napep, ya gaje sunan keke, ya bar mai ƙafa biyu ba suna ba uba. Ka isa ofis a ce, "Da me ka zo?" Ka ce da keke. Sai a ce, "Nawa ya caje ka daga Narayi?" Dole ka tsaya kana kwatance da ƙafafu, kana tuƙa iska, kafin a gane. In an gane kuma a ce, "Ayya."

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, garin nan a kan keke ya girma. Tambayi duk dattijon da ya yi aiki a masaƙun Kakuri, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 har zuwa UNTL da Arewa, ya ba ka labarin lokacin tashi daga aiki, yadda kekuna ke malalowa daga ƙofar masaƙa kamar an fasa rumbu. A wancan zamanin mai keken Rali ba ƙaramin mutum ba ne. Malamin makaranta ne, ko malamin asibiti, ko akawu. Yana da lasin da ya yanka a hannun hukuma, yana goge ƙarfensa da tsumma kowace safiya, ya ɗaura madubi biyu da furen roba, in ya je zance kuwa ƙararrawa ɗaya ta isa a shimfiɗa masa tabarma. Sai kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauko a tsakiyar shekarun 1970, aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a nan Kakuri a 1975, kowa ya ga 504, shi ke nan keke ya zama abin da ake jinginewa a bayan ɗaki. Shi kuwa Peugeot ɗin da muka yi wa keke saki uku saboda shi, a can Faransa ya fara ƙera keke tun 1882, kafin ya taɓa ƙera mota ko ɗaya. Yau masaƙun sun yi shiru, 504 ta zama tarihi, amma girman kan da muka saya tare da ita yana nan, ko faci bai taɓa yi ba.

To, bari in ba ku labarin hanya, don a nan ne na gane matsayina a duniya. Titin Kaduna yana da sarauta, kuma kowa ya san gadonsa. Tanka da tirela su ne sarakuna, ba sa gaisawa da kowa. Tifar yashi ce waziri. Sai bas, sai manyan motoci masu baƙin gilashi, sai Napep, sai ɗan acaɓa, wanda aka hana shi tun 2014 aka kuma sake hana shi a 2021, amma har yau in ka waiwaya yana bayanka. Daga nan sai akuya. Bayan akuya sai mai keke. Kada ku ce na yi ƙari: direba yana taka wa akuya burki, domin ya san in ya buge ta mai ita zai fito da kuɗinta a baki, har da na 'ya'yan da ke cikinta. Mai keke kuwa in aka goge shi, abin da zai fara ji daga cikin kwata shi ne, "Kai makaho ne?"

Ranar farko na fito daga Narayi na ratsa Barnawa lafiya, sai dai Napep uku da suka tsaya cak a gabana ba sigina, saboda wani a bakin titi ya ɗaga hannu zai sosa kai. Wani mai mota ya buɗe ƙofa daidai gwiwata. Wani ɗan acaɓa ya biyo hannun da ba nasa ba, muka yi cirko-cirko, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, ba ka ganin mutane ne?" Na ba shi haƙuri. Da na wuce shataletalen tashar jirgin ƙasa na hau gada, nan ido ya raina fata. Dama kogi, hagu bas, baya tifa tana danna hon kamar busar tashin kiyama. Kwandastan bas ɗin yana lilo a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, ya sunkuyo har ina jin warin goron bakinsa ya ce, "Alhaji, sauka ka tura mana, ka ga ka tare wa masu abin yi hanya!" Fasinjoji suka kwashe da dariya. Minti kaɗan bayan haka gosulo ya kama su kafin filin wasa na Ahmadu Bello, na zo na wuce su ina kaɗa ƙararrawa. Ban ce komai ba. Na dai kaɗa ta sau uku, ta ukun don kwandasta.

A bar gwamnati ta huta yau, don wannan karon da mu nake. Aikin sabunta birni da gwamnatin El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna da dama, aka yi musu fitilu da dakalin masu tafiya a ƙasa. Me muka yi da dakalin? Mai gasa masara ta kafa murhu. Mai POS ya kafa lema. Mai gwanjo ya baje takalma, mai wankin mota ya ja tiyo, wani bawan Allah kuma ya hau da motarsa kacokan ya kulle ya tafi. Mai tafiya a ƙasa ya koma kan kwalta yana rabon hanya da tifa. Zanen tsallaka titi kuwa direbobinmu sun ɗauke shi kwalliya ce, irin zanen da ake yi wa ɗakin amarya. Shi ya sa in na ji masana suna cewa a ja wa masu keke layinsu da fenti, sai in yi murmushi. A ja da safe, kafin la'asar an kasa tumatir a kai, wani ma ya sayar wa wani wurin.

Ranar Asabar kuma titin unguwa na mai biki ne. A kafa rumfa daga wannan katanga zuwa waccan, a jera kujerun roba, a toshe da benci da tsohuwar taya, kai kuma ka san inda dare ya yi maka. Juma'a a tare, Lahadi a tare. Kogin Kaduna ya raba mu a abubuwa da yawa, amma a kan tare hanya da raina mai keke, kudu da arewa bakinmu ɗaya. Ga kuma tudun rage gudu na sa-kai: duk gidan da aka taɓa take wa kaza sai ya sayo siminti ya gina nasa, wani kamar kabari, ba fenti ba alama. Da daddare ba ka ganinsa, sai dai ka ji ka a sama.

Mu ma masu keken ba waliyyai ba ne. Akwai wanda burkinsa silifas ne. Akwai mai fita cikin dare da baƙar riga, ba fitila ba komai, yana tafe kamar aljani, ya ɗora buhun gawayi biyu da ƙaninsa a kariya. Rana kuma ba ta san sabo ba. A watan Maris in ka isa ofis sai ka nemi inda za ka shanya kanka.

Ana nan sai wata Asabar da sassafe na ga abin al'ajabi a unguwar masu hali. Manyan mutane ne, masu tumbi da muƙami, sun matse cikin wasu kaya kamar an zuba su a ciki, kowa da hular kwano kamar ɓarin gwanda, suna tuƙa keke a jere. Mota tana bin su a baya a hankali da ruwan roba. Likita ne ya ce ko keke ko kabari. Masu gadi suna sara musu: "Ranka ya daɗe, ana motsa jiki?" Na duba kekensu, na duba nawa. Taya biyu, sarƙa ɗaya, feda biyu. Ashe keke bai da laifi. Laifin a hau shi don buƙata ne. In kana da mota uku a gida ka hau, wayewa ce; in ka hau don ka isa wurin aiki, karayar arziki ce.

Irin wannan ake yi duk ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018. Manya su iso cikin jerin gwano, a sauko da kekuna daga bayan a-kori-kura, a tuƙa daidai tsawon da mai ɗaukar hoto ke buƙata, a yi jawabi a kan gurɓatar iska, a koma cikin sanyin mota. Wanda ya taɓa ɗaukar abin da gaske shi ne marigayi Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, da ya riƙa zuwa aiki a kan keke a Abuja. A 2001 bas ta ture shi cikin rami, ƙasa ta samu abin dariya na shekara guda. A Holan kuwa, inda kekuna suka fi mutane yawa, Mark Rutte ya sauka daga kujerar firaminista a 2024 ya hau kekensa ya tafi gida. Da a nan ne, da dangi sun kira taron gaggawa a binciki wanda ya yi masa asiri.

Sai na ce bari in gwada wani abu. Na je gwanjo na sayo hular kwano ja, da baƙin tabarau, da wata riga mai sheƙi. Ranar Litinin na fito da su, keken dai shi ne na jiya, ni ma ni ne na jiya, aljihun ma na jiya ne. Maƙwabcina na dama ya miƙe tsaye: "Yallaɓai, an fara kula da lafiya ke nan? Wallahi ni ma likita ya yi mini magana." Mai shago ya biyo ni da gudu da littafin bashi a buɗe, wai an kawo sabuwar madara. Uwargida ta raka ni har bakin titi, ta babban layi, tana amsa gaisuwa. A kan gada wani mai baƙin gilashi ya rage gudu ya ba ni hanya, don bai san ko wane ne a cikin hular ba.

Ga masu iko, buƙatata ba ta da yawa. Motocin bas masu aiki da iskar gas da gwamnatin Uba Sani ta fito da su a 2025 abin a yaba ne, amma bas ba ta shiga lungu, keke ne zai kai mutum bakin titi. A yi mana wurin ɗaure shi a tasha da kasuwa inda za mu dawo mu tarar da shi da tayoyinsa biyu. In za a ware mana gefen hanya, a ware da kankare mai tsayin da Napep ba zai iya hawa ba, a dasa itatuwa su yi mana inuwa, a kuma samar wa mai masara wani wurin, don ita ma abinci take nema.

Kai kuma mai mota, in ka hango jar hula a kan gada gobe da safe, ni ne, ka bar mini ko taku biyu. In ka ga wani ba hula, da buhu a kariya, shi ma ka bar masa, don ya fi ni buƙata. Masu jaje kuma har yanzu ƙofa a buɗe take, sai dai a yi wa motar. Tana nan inda na bar ta, kazar ma ta ƙyanƙyashe, 'ya'ya bakwai.