Ranka Ya Daɗe, Alhaji Kuɗi

Ranka ya daɗe, Alhaji Kuɗi, ɗan takarar da bai taɓa kai takardunsa Kotun Tsarin Mulki ba, amma ba a taɓa zaɓe babu shi ba. Mutanen Arewa na gaishe ka, daga Matankari da Dan Kasari har Kore Mairuwa, Gesheme da Tibiri. Mahassada na cewa kana sayen zaɓe. Sharri suke maka. Kai mai bin doka ne, kuma ga shaida.

Dokar jam'iyyun Nijar ta Disamba 2010 ta ja maka layi: kyautar ƴan ƙasa kada ta wuce rabin kuɗin da jam'iyya ta tara da kanta, ta ƙetare kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma duk shekara a kai lissafi kotun binciken kuɗi a Yamai. Wa ya taɓa kama ka kana tsallake layin nan? Ai ba ka shiga asusun jam'iyya balle a rubuta ka. Kai mai kunya ne, bayan isha'i kake tafiya. Mota ta tsaya bayan gari ta kashe fitila, a sauke buhun shinkafa da katan na sabulu. Shugabar mata ta shimfiɗa tabarma, ta kasa zannuwa masu hoton ɗan takara, ta danƙa wa kowace jaka biyu ta ƙulle a bakin zane. Samarin fada su samu sukari da ganyen shayi da kuɗin man babur. Ba wanda ya ce "saya" ko "sayar". "Ga na goro," kawai ake cewa, a amsa da "Allah shi saka." Wane alƙali ne zai ɗaure mutum don ya yi zumunci?

Sai adalcinka wajen tankaɗe. A zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Disamba 2020 mutum 30 suka tsaya, kowanne sai da ya ajiye sefa miliyan 25 kafin a buga hotonsa. Wannan kuɗin shiga ne kawai. Motoci, mai, makaɗa da wakilan rumfunan zaɓe suna gaba. Da haka ka hutar da malamin kwantiragi da manomin dankalin Dogon Dutsi daga wahalar mafarki. Sun san ciwon garinsu, to sai me? Wanda ya rage a fili dole ya nemi babban ɗan kasuwa ya ɗauke masa nauyi.

A 2016 masanin nan Olivier de Sardan ya rubuta cewa mai mulki a Nijar yana cikin kurkuku huɗu, na farko kuma na manyan ƴan kasuwa ne. Bai fahimce ka ba. Kurkuku ya kira abin da mu muka sani da cika alkawari. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski: kwangila a ba wanda ya zuba, duwan ta kau da kai in manyan motocinsa sun iso. In kuɗin ginin aji ya bi ta can, yara sai su koma rumfar zana, irin wadda ta kama da wuta a Maraɗi a Nuwamba 2021 ta ci yara fiye da 20. Uwayensu ba su cikin lissafin da ake kai wa Yamai.

Maƙwabta ma sun shaida kirkinka. Dokar zaɓen Nijeriya ta 2022 ta ce kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50; a 2022 ɗin kuma jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100. Masu kare ka kuma suna da hujja daga Amurka: attajiri Bloomberg ya kashe wajen dala biliyan ɗaya neman takarar shugaban ƙasa a 2020 bai samu tutar jam'iyyarsa ba. Ka ga, ba ka sayen zaɓe! Wani lokaci talaka na karɓa daga hannu uku ya dangwala wa na huɗu, kuma ba ka fushi, don na huɗun ma kai ka ba shi mota.

Kakannin Arewa ba su san darajarka ba. A Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, in Sarauniya ta rasu tarkama ake yi: a ɗauki gawar, ita za ta nuna magajiya. Dubi ƙauyanci! Mai zaɓe ɗaya tak, ba ta cin shinkafa, ba ta ɗaura sabon zane, ba ta da ɗan da ke neman aiki.

Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, a Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyu duka. Kai ba a ambaci sunanka a takardar rushewar ba, don ba ka da rajista. Roƙonmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: in an sake buɗe fili, kada ka jira kaka lokacin da rumbu ke cike. Ka zo a tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya ƙare, matan Sukukutan na auna rabin tiya su raba wa gida guda. A lokacin ko jaka ɗaya ma ta ishe ka.